Gidan Makama: ginin ƙasa ba ya son siminti

Duk ɗan kasuwar da ke zuwa Kano sari ya san Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. An gina shi tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun yi ofis a cikinsa. Yau gidan tarihi ne.

Irin wannan gini yana daɗewa ne idan ana yi masa yaɓe kafin damina, ana gyara indararo, ana sauya azarar da ta gaji. Siminti kuwa danshi yake riƙewa, har bango ya zube ta ciki.

Masu tsofaffin shaguna a Damagaram da Maraɗi, ku nemi maginan gargajiya tun ba su ƙare ba.