Tafkin kifi a garin da ba a zubar da ruwa

Mai kiwon tarwaɗa a Kano, idan ruwan tafkinsa ya soma wari, maganinsa ɗaya ne: ya buɗe bututu ya zubar, ya tada janareta ya cika da sabo. Wannan dabarar ba za ta ci a Arlit ba. An kafa garin a 1969 saboda yuraniyom, a wurin da ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Shi da maƙwabcinsa Akokan sun dogara ne ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, irin na Tarat, wanda ya taru tun Sahara na da dausayi, kuma abin da aka ɗebe ba ya dawowa. Tabalak, tabkin da ya yi suna da kifi a kan hanyar Tawa, ɗaruruwan kilomita ne daga nan. Tun da kamfanin haƙar yuraniyom na COMINAK ya rufe a Maris 2021 mutane ke neman wata sana'a. Duk wanda kiwon kifi ya ba sha'awa, dole ya koyi gyara ruwan da yake da shi.

Galibi mai tafkin ne da kansa ke ɓata ruwan, da hannun da yake watsa abinci. Ragowar abincin da kashin kifin su ruɓe su zama amoniya, guba ce ga kifi, taki kuma ga gansakuka. Ga ranar Arlit ba ta da sauƙi. Cikin 'yan kwanaki ruwan ya yi kore shar, ya yi kauri. Da rana gansakukar na ba da iskar oksijin, da dare ta koma tana zuƙe ta. Shi ya sa da asuba ake tarar da karfasa sun taso sama suna hangame baki. Zafi kuma na ƙara dagula lissafi: litar ruwa mai zafin digiri 20 na riƙe wajen miligiram 9 na oksijin, a 35 kuwa da ƙyar ta riƙe 7. Tarwaɗa tana shaƙar iska a sama, ta fi jurewa, amma juriyar tata ce ke yaudarar mai ita har ruwan ya lalace.

Awon koren ruwan ba ya bukatar na'ura. Ka tsoma hannu zuwa gwiwarsa. In tafin ya ɓace tun kafin ruwan ya kai gwiwar, koren ya yi yawa: a rage abinci, ko a tsallake na yini guda. In kuma ana hango ƙasan tafkin garau, karfasa ba ta da abin tsinta. Kore kaɗan ake so.

Sauran aikin hannu ne. A yi rumfa ta rufe wani sashe, ta rage rana da ƙurar da iska ke kwasowa. A janye dagwalgwalon ƙasa da tiyo a kai wa garka. A sa famfo mai aiki da hasken rana yana bi da ruwan ta cikin randar tsakuwa, inda ƙwayoyin bakteriya ke cinye amoniya. Amma a tanadi batir, don da dare ne bukatar ta fi tsanani. A tuna kuma tururi ruwa kawai yake ɗauka, gishiri na nan yana taruwa.

Ba gishiri kaɗai ba. A rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010 tare da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa, huɗu daga cikin samfur biyar na ruwan yankin Arlit sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata a lokacin. Yuraniyom ba shi da launi a ruwa, tsoma hannu ba ya nuna shi, tsakuwa ba abin dogaro ba ce a kansa. Kafin a zuba ɗan kifi ko guda, sai a kai ruwan rijiyar ɗakin awo, haka kuma ƙasar da za a haƙa.