Abin Da Ke Sa Mutumin Kirki Ya Kalli Fim Ɗin Sata

Mutumin da ba zai ɗauki ko tsinken ashana a shagon wani ba, shi ne zai miƙa wayarsa ga mai tura fina-finai a bakin kasuwa ya ce, "Zuba mini sababbi." Kuma hankalinsa kwance. In aka ɗauke buhun gero, mai shi zai ga gurbi. In aka kwafi fim, na mai shi yana nan daram, saboda haka zuciya ba ta kiran abin sata.

Amma babban abin da ke kwantar masa da rai shi ne ya biya. Ya tsaya gaban ɗan tebur mai kwamfuta da tarin wayoyin caji, ya zaɓa, an cika masa memori, ya ba da kuɗi. A ganinsa ciniki ya faɗa. Bai san cewa ko sisi ba zai isa hannun furodusan da ya ɗauki nauyin 'yan wasa, kyamara da abincin ma'aikata ba. Da ya koma majalisa, aboki ya ce a tura masa ta Xender, hanawa sai ta zama rowa. Mu kuwa mun tashi ne a kan cewa abin da ke hannunka na ɗan'uwanka ne ma.

Haka kasuwar Kannywood ta durƙushe. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, sana'ar ta dogara ne ga sayar da kaset, daga baya faifan CD, kuma kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ce cibiyarta a lokacin. Da waya mai memori ta yawaita, faifai ɗaya ya ishi unguwa guda.

Akwai kuma sauƙi, wanda masu fim suka daɗe ba su ba shi muhimmanci ba. Manhajojin biyan kuɗi irin su Northflix suna buƙatar katin banki, intanet mai ƙarfi da data, ga shi a 2025 an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashinsu. Matar da ke ƙauye, wadda sai ta aika yaro caji, ina za ta bi wannan doguwar hanya? Mai turawa yana kusa, kuma ya san abin da take so.

Doka tana nan. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, ta maye gurbin ta 1988, kuma ta taɓo abin da ake ɗorawa a intanet. Sai dai da wuya ka sami wanda ya san wani da aka hukunta don ya karɓi fim, shi ya sa tsoro ba ya shiga lissafi.

Masu Izzar So da Labarina sun gane bakin zaren: suka sa shirinsu kyauta a YouTube, talla ta biya su, mutane suka yi tururuwa. Duk da haka kuɗin tallar ba ya zuwa sai an kalla a can, alhali mai turawa yana sauke kowane sabon kashi sau ɗaya, ya sayar wa marasa data.