Ayalan, Ƙasar Da Yunwa Ta Watsa Mutanenta

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos ya ga dankalin Turawa buhu-buhu a bakin titi, wanda manoman Bokkos da Mangu suke fitowa da shi. A Turancin Nijeriya kuwa sunansa dankalin Ayalan. To, amma asalin wannan dankali ba daga Ayalan ba ne. Daga duwatsun Amurka ta Kudu mutanen Sifen suka kawo shi Turai a ƙarni na 16. Abin da ya sa sunan Ayalan ya manne masa shi ne, ba ƙasar da ta dogara da shi kamarta, ba kuma wadda ya yi wa ɓarna kamarta. Mai karatu, in kana so ka san wannan ƙasa, sai ka san labarin gona, da mai gona, da dankali.

Ina Ƙasar Take?

Ayalan tsibiri ne a yammacin Ingila, in ka wuce shi sai babban tekun Atilantika har Amurka. Faɗinsa murabba'in kilomita 84,000 ne da 'yan kai, watau ya ɗara Jihar Neja kaɗan. Tsakiyarsa fili ne shimfiɗaɗɗe mai fadamu, duwatsu kuwa suna gefe-gefe a bakin teku. Babban koginsa Shanon, tsawonsa kilomita 360. Ba su da rani irin namu, ruwan sama yakan zuba kusan kowane wata, saboda haka ciyawa kore shar take shekara duka, ƙasar kuma ta yi suna wajen shanu da madara da man shanu. Wani abin mamaki, babu maciji a dajin ƙasar ko ɗaya.

An kasa tsibirin gunduma 32, amma gwamnati biyu ce ke mulkinsa. Gundumomi 26 su ne Jamhuriyar Ayalan, mai cin gashin kanta, hedkwatarta Dablin. Sauran 6 ɗin su ne Ayalan ta Arewa, hedkwatarta Belfas, tana haɗe da Birtaniya har yau. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin duka sun kai miliyan 8 da dubu 200. A ƙidayar 2021 da ta 2022 kuwa, in aka haɗa Kudu da Arewa, miliyan 7 ne da 'yan kai. Dubi bambanci: a 1841 jama'ar Ayalan ta ɗara rabin ta Ingila da Wels, yanzu ko kashi ɗaya cikin takwas ba ta kai ba. Me ya jawo haka?

Yadda Gona Ta Fita Hannun Masu Ita

Mutanen Ayalan suna da harshensu, wanda ake kira Gelik, da sarakunansu na gargajiya. Addinin Kirista ya shiga ƙasar a ƙarni na 5, kuma wanda ya fi shahara wajen yaɗa shi shi ne Patrick. Shi wannan an kamo shi ne daga Birtaniya yana ɗan shekara 16, ya yi bauta yana kiwo shekara shida, ya gudu, daga baya ya komo yana wa'azi. Ranar tunawa da shi, 17 ga Maris, ita ce babbar ranar ƙasar.

A 1169 mayaƙa daga Birtaniya suka fara sauka a tsibirin, a 1171 Sarki Henry na Biyu ya biyo su. Amma lamarin bai yi tsanani ba sai da Ingila ta bar ɗariƙar Katolika ta koma Furotesta a ƙarni na 16, mutanen Ayalan kuwa suka ƙi bari. Daga 1609 Sarkin Ingila ya riƙa ƙwace gonaki a lardin Olsta, can arewa, yana raba wa baƙi 'yan Furotesta da aka kwaso daga Sikotilan da Ingila. A 1649 Oliver Cromwell ya shigo da rundunarsa, ya yi kisa mai yawa, aka kuma ƙara ƙwace ƙasa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a 1641 'yan Katolika ne ke da kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasar noma, amma kafin 1703 abin da ya rage musu kashi 14 ne kacal. A 1801 aka rushe majalisar Dablin, aka haɗe Ayalan da Birtaniya, mulki ya koma Landan.

Ta haka manomi ya zama ɗan haya a gonar kakansa. Masu ƙasar da yawa suna zaune a Ingila, wakilansu ke karɓo musu kuɗi. Manomi yakan shuka alkama da sha'ir, ya yi kiwo, amma duk wannan na biyan haya ne. Abin da zai sa a baki sai dankali, domin 'yar gona ƙanƙanuwa ta isa ta ciyar da iyali, ko da ƙasar ba ta da kyau. Kafin 1845 mutum wajen miliyan 3 ba su da wani abinci sai shi. Magidanci mai aikin ƙarfi yakan ci har laba 14 a rana, watau fiye da kilo 6, da ɗan nono in an samu.

Babbar Yunwa

A kakar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankali. Ganye ya yi baƙi, a tona a tarar da 'ya'yan sun ruɓe suna wari. Da yake galibin talakawa iri ɗaya suke shukawa, cutar ba ta sami abin da zai tare ta ba. A 1846 kusan dankalin duka ya lalace. Mutane suka cinye irin shuka, suka sayar da 'yan komatsansu, sa'an nan zazzaɓi da atuni suka biyo bayan yunwa, su ne ma suka fi kisa. Tsakanin 1845 da 1852 mutum wajen miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 kuma suka bar ƙasar.

Abin da mutanen Ayalan ba su manta ba har gobe shi ne, a cikin waɗannan shekaru jiragen ruwa ba su fasa fita da hatsi da shanu da man shanu zuwa Ingila ba. Firayim Minista Robert Peel ya sayo masara ta fam 100,000 daga Amurka don a sassauta. Amma gwamnatin John Russell da ta gaje shi a 1846, da babban jami'in baitulmali mai kula da agajin, Charles Trevelyan, ra'ayinsu shi ne kada gwamnati ta sa hannu cikin harkar kasuwa. Sai aka ce mai jin yunwa ya je ya fasa dutse a aikin hanya a biya shi. Da hakan ya gagara aka buɗe wuraren raba abinci, waɗanda a Yulin 1847 suke ciyar da mutum miliyan 3 kullum, amma kafin shekarar ta ƙare aka rufe su. Daɗin daɗawa aka yi doka cewa duk mai riƙe da gona fiye da rubu'in eka ba shi da rabo a agaji sai ya sake ta. Masu ƙasa kuma suka riƙa korar waɗanda suka kasa biyan haya, suna rushe ɗakunansu.

Taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Sarkin Istambul Abdulmajid ya aiko da fam 1,000 a 1847. Wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka mai suna Cokto, waɗanda su kansu ba su daɗe da shan wuyar kora daga ƙasarsu ba, suka tara ɗan abin da ya sawwaƙa suka aiko. Masu gudu kuwa da yawa ba su kai ba. Jiragen da suka kwashe su har laƙabi aka yi musu, akwatin gawa. A wani ɗan tsibiri na Kanada, inda ake tsare baƙi don duba lafiyarsu, an binne fiye da mutum 5,000 a 1847 kaɗai.

Yunwa ta wuce, ƙaura ba ta tsaya ba. Kafin 1911 jama'ar tsibirin ta sauko miliyan 4 da dubu 400. A 1961 mutanen Jamhuriya miliyan 2 da dubu 800 ne kawai. Yau fiye da Amurkawa miliyan 30 suna cewa kakanninsu daga Ayalan suke. Kakan mahaifin Shugaba John Kennedy ma a zamanin yunwar ya fita, shi kuwa Kennedy ya ziyarci garinsu a 1963.

Harshe Ya Bi Masu Shi

Waɗanda yunwa ta fi kashewa talakawan yamma ne, su ne kuwa masu magana da Gelik. An ƙiyasta cewa kafin yunwar kusan rabin jama'a suna jin harshen, amma a ƙidayar 1851 bai kai mutum ɗaya cikin huɗu ba. Iyaye da kansu suka riƙa tura 'ya'yansu ga Ingilishi, domin yaron da zai ƙare a Amurka ko Ingila shi zai yi masa amfani. A 1893 aka kafa ƙungiyar farfaɗo da harshen, shugabanta Douglas Hyde shi ne ya zama Shugaban Ƙasa na farko a 1938. Tsarin mulkin 1937 ya sa Gelik a gaba da Ingilishi, ana kuma koyar da shi a makarantu. Duk da haka, a ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1 da dubu 900 suka ce sun iya, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta wajen 72,000 ne.

Neman 'Yanci Da Rabuwa

'Ya'yan waɗanda suka tsira su ne suka ta da ƙayar baya. A 1879 Michael Davitt ya kafa ƙungiyar manoma 'yan haya, Charles Parnell ya shugabance ta. Dabararsu ita ce ƙauracewa. A 1880 suka gwada ta a kan wani wakilin mai ƙasa, Kyaftin Boycott: ba mai yi masa girbi, ba mai sayar masa da kome, har ya tattara ya bar ƙasar. Daga sunansa ne Ingilishi ya sami kalmar ƙaurace wa mutum. Bayan dokar 1903 gwamnati ta riƙa ba manoma rance suna sayen gonakin da suke haya.

Ran 24 ga Afrilu 1916 'yan kishin ƙasa suka yi tawaye a Dablin. Cikin kwana shida aka murƙushe su, aka kashe shugabanninsu 16, sai jama'a ta juya ta goyi bayansu. Yaƙin sunƙuru ya biyo baya daga 1919 zuwa 1921, ya ƙare da yarjejeniyar 6 ga Disamba 1921, wadda ta ba gundumomi 26 mulkin kai. Gundumomi 6 na arewa, inda jikokin baƙin 1609 suka fi yawa, suka zauna tare da Birtaniya. Masu na'am da yarjejeniyar da masu ƙinta suka gwabza yaƙin basasa, har aka kashe jagoran yaƙin 'yancin, Michael Collins, a 1922. A 1949 ƙasar ta zama jamhuriya, ta fita daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila.

A Arewa kuwa 'yan Katolika suka daɗe suna kukan ana danne su wajen aiki da gidaje da zaɓe. Rikici ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1960 tsakanin dakarun IRA masu son haɗe ƙasar, da dakarun 'yan Furotesta, da sojan Birtaniya. Ran 30 ga Janairu 1972 soja suka harbe masu zanga-zanga 13 a birnin Deri. A 1981 fursunoni 10 suka mutu suna yajin cin abinci, na farkonsu Bobby Sands bayan kwana 66. Kafin a yi sulhu ran 10 ga Afrilu 1998 mutum wajen 3,500 sun halaka. Sulhun ya ce ɓangarorin biyu su yi mulki tare, kuma ba za a haɗe ƙasar ba sai in mafi rinjayen jama'a a Arewa da Kudu sun yarda ta hanyar ƙuri'a. Ƙidayar 2021 ta nuna a karon farko 'yan Katolika sun fi 'yan Furotesta yawa a Arewa.

Reshe Ya Juye Da Mujiya

Ayalan ba baƙuwar Nijeriya ba ce. A Legas ta buɗe ofishin jakadancinta na farko a Afirka a 1960, limamanta na Katolika kuma sun gina makarantu da asibitoci da yawa a ƙasar nan. A lokacin ita kanta matalauciya ce, samarinta na ta fita neman aiki.

Abin da ya sake ta shi ne, a 1967 ta mai da karatun sakandare kyauta, a 1973 ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai, ta kuma rage wa kamfanoni haraji. Kamfanonin Amurka suka yo ca: Apple a 1980, Intel a 1989, Google a 2003, ga kuma masu yin magunguna. Ba a rasa tuntuɓe ba, domin bankunanta sun durƙushe a 2008, har a 2010 aka shirya mata ceto na Yuro biliyan 85. Amma ƙasar da ta saba sallamar 'ya'yanta ta koma karɓar baƙi. A ƙidayar 2022 mutum ɗaya cikin biyar a Jamhuriya a waje aka haife shi, cikinsu har da 'yan Nijeriya. A 2007 Rotimi Adebari ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin magajin gari a ƙasar. Wannan ma ya zo da nasa ciwon kai, ga ƙarancin gidaje, ga masu ƙyamar baƙi da suka ta da tarzoma a Dablin a Nuwamban 2023.

A 1997 Firayim Minista Tony Blair ya amsa cewa masu mulki a Landan sun gaza a lokacin yunwar. Masana sun nuna cutar dankalin ta shiga Beljiyam da Holan da Jamus a shekarun nan, ta yi ɓarna, amma ba inda ta kashe mutane kamar Ayalan, inda talaka ba shi da gona, ba shi da abinci na biyu, ba shi kuma da gwamnatin da za ta ji kukansa. To, jama'a, ga shi an haura shekara 170, har yanzu tsibirin bai mai da yawan mutanen da yake da su a 1841 ba.