Kuɗin Taimako Domin Naƙasassu Masu Neman Aiki

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan wani al'amari wanda ya tsaya mini a rai tun da muka komo daga gwajin koyarwa a zangon da ya wuce.

A makarantar da aka tura ni, wadda ba ta Gwamnati ba ce, wata safiya sai ga wani saurayi makaho ya zo neman aiki, ƙanensa yana yi masa ja-gora. Yana da takardar shaidar malanta, irin wadda mu ke shan wahala a kanta yanzu. Hedimasta ya karɓe shi da mutunci, har ya ba shi aji biyar ya gwada darasin Turanci, ni kuwa ina zaune a baya. Ban taɓa ganin yaran nan sun natsu haka ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya riga ya kama sunayen wajen rabinsu ta muryoyinsu. Da aka tashi sai Hedimasta ya ce masa, "Malam, koyarwarka ba ta da laifi ko kaɗan. Amma wa zai duba maka littattafan yara arba'in? Wa zai cika maka rajista? Ba ni da ƙarfin biyan mutum biyu a kan aikin mutum ɗaya." Ya sa hannu aljihu ya miƙa masa kuɗin mota. Saurayin ya yi godiya, bai karɓa ba.

Na daɗe ina tunanin wannan, ban kuwa ga laifin Hedimasta ba. Abin da ya shiga tsakanin malamin nan da aikinsa ɗan kaɗan ne: wanda zai karanta masa littattafan yara kamar awa biyu kowace rana, da kwamfuta irin mai karanta rubutu da murya. Shi ba shi da kuɗinsu domin ba shi da aiki, makaranta kuwa ba za ta biya ba domin akwai masu ido goma a bakin ƙofa suna jiran gurbin. To, wannan ɗan rami shi ne wurin da kuɗin taimako na Gwamnati ya kamata ya faɗa.

Bari in fara da ma'anar kuɗin taimako. Ya bambanta da rance, gama ba a biyansa. Ya kuma bambanta da sadaka, gama akwai sharaɗi a kansa. Mu da muka fito daga makarantun Mishan mun ji daga bakin tsofaffin malamanmu yadda Gwamnati ta riƙa ba makarantun nan kuɗi a zamanin Turawa: in kana da ƙwararrun malamai da gini mai kyau, mai duba makarantu ya zo ya gani da idonsa, sa'an nan a biya. Haka nan ne a nan. Ana ba da kuɗin domin wani abu takamaimai, a kuma komo a duba ko an yi shi.

Ƙasar Birtaniya ta gwada hanyoyi uku cikin shekaru da yawa, kuma labarinta zai yi mana amfani, tun da ya ke ta yi kuskure ta gyara a idon kowa.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa ƙarewa, sojoji da yawa sun komo gida ba ƙafa, waɗansu ba ido. A 1944 aka yi doka wadda ta tilasta wa duk mai ma'aikata 20 ko fiye ya ɗauki naƙasassu, aka tsai da adadinsu a kan 3 cikin 100. Har aka keɓe musu waɗansu ayyuka, watau tsaron wurin ajiye motoci da kula da na'urar hawa bene. Ku duba fa, mutum ko yana da kan lissafi kamar na Akawu, abin da aka ga ya dace da shi ke nan! Dokar ta yi kyau a takarda, amma masu ɗaukar ma'aikata da yawa suka ƙyale ta, waɗanda aka kai kotu kuwa cikin shekara hamsin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Dokar 1995 ta soke wannan adadi.

Hanya ta biyu ita ce Gwamnati ta gina musu ma'aikatu nasu na kansu. Aka kafa kamfanin Remploy a 1945, ya buɗe ma'aikatarsa ta fari a garin Bridgend a 1946, daga baya suka bazu ko'ina cikin ƙasar, ana yin kujeru da tufafi da sauran kaya. Dubban mutane sun ci abinci ta nan, sun yi aure, sun riƙe gidajensu. Amma ma'aikatun ba su iya riƙe kansu ba, kullum sai Gwamnati ta cika. Wajen 2012 lissafin Gwamnati ya nuna tana kashe kamar fam 25,000 a shekara a kan kowane ma'aikaci guda. Aka rufe na ƙarshensu a 2013. Kada mu ɗauka an rufe lafiya lau: da yawa cikin waɗanda aka sallama sun daɗe ba su sami wani aiki ba, kuma sun yi kuka ƙwarai.

Hanya ta uku ita ce ta fi kama hankalina. A 1994 aka fito da wani shiri mai suna Access to Work, watau buɗe wa mutum hanya zuwa aiki. A nan kuɗin yana bin mutumin ne zuwa duk inda ya sami aiki, ko banki, ko makaranta, ko kanti, ko sana'ar kansa. Mai aiki yana biyan albashi kamar yadda zai biya kowa. Gwamnati kuwa ta biya abin da naƙasa ta ƙara a kan aikin. In kurma ne, a biya tafinta mai magana da hannu ya raka shi taro. In makaho ne, a saya masa na'ura, a biya mai karanta masa takardu. In gurgu ne wanda ba ya iya hawa bas, a biya kuɗin tasi. A lissafin nan na wajen 2012, abin da a ke kashewa a kan mutum guda ta wannan hanya kamar fam 2,900 ne a shekara. Watau kuɗin ma'aikaci ɗaya na Remploy ya isa mutum takwas. Mai albashi kuma yana biyan haraji, wani abu na kuɗin yana komawa baitulmali. Shi ma wannan shiri yana da nasa ciwo, gama a 2024 da 2025 an yi ta ƙarar cewa mutane suna jira watanni kafin a duba takardunsu, har wani ya rasa aikin kafin taimakon ya iso.

To, mu fa a Nijeriya? Wajen horo ba mu makara ba. Mishan ta buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953. A 1957 aka buɗe wurin koya wa makafi noma a Ikeja. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa Kwalejin horon malamai ta ilmi na musamman a Oyo. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta ce a ba su aƙalla 5 cikin 100 na ayyukan Gwamnati, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda keken gurgu zai shiga. Aka kafa Hukumar kula da su a 2020. Wa'adin gyaran ya cika a 2024. Kowa ya ɗaga kai ya dubi matakalan da ya ke hawa kullum, ya ba kansa amsa.

A ganina, yanzu muna tsaye ne kusa da inda Birtaniya ta tsaya a 1944. Muna da adadi cikin doka, muna da horo, muna da takardun shaida. Lokaci lokaci kuma a kan raba kekunan ɗinki da injin niƙa, a ɗauki hoto. Ba na raina wannan, keken ɗinki ya ci da gidaje da yawa. Amma malamin da na gani ba tela ba ne. An riga an kashe kuɗi shekara da shekaru ana karantar da shi, saura ɗan abin da zai sa karatun ya haifi albashi, nan aka tsaya. Kamar mutum ne ya yi noma, ya yi girbi, ya rasa igiyar ɗaurin dami.

Wani zai ce in an buɗe irin wannan ƙofa, masu ido ma za su rufe idanunsu su zo karɓa. Gaskiya ne, sai an yi tsaro. Amma wannan kuɗi ya fi rabon tsaba sauƙin bincike, domin ba a biyansa sai akwai aiki, aikin kuwa yana da wuri da mai shi da takardar albashi. Mai dubawa yana iya zuwa ranar Talata ya ga ko malamin yana cikin aji, ko mai karanta masa yana nan, kamar dai yadda a ke zuwa duba mu lokacin gwaji.

Ran da zan bar garin na tambayi hanyar gidansu na je sallama. Na same shi a zaure da yara huɗu na maƙwabta, yana koya musu karatu da yamma, iyayensu suna ba shi abin da ya sawwaƙa. Ya ce ya kai takardunsa makarantu shida ke nan. Na tambaye shi nawa zai ishe shi biyan mai karanta masa a wata, ya yi lissafi ya faɗa mini. Bai kai abin da na kashe a mota da abinci cikin makonni biyu na farkon gwajin ba.