Daren da Gimbiya Ta Kwana a Kan Ɓaure

A ƙarshen watan Janairun 1952 Gimbiya Elizabeth da mijinta Philip suka tashi daga Landan, za su Ostireliya da New Zealand a madadin mahaifinta, Sarki George na Shida, wanda rashin lafiya ta hana shi tafiyar. Watanni kaɗan kafin nan likitoci suka cire masa huhu ɗaya. Duk da haka sai da ya rako su filin jirgi cikin sanyi. Ganinsu na ƙarshe ke nan.

Zangon farko shi ne Kenya, wadda a lokacin take hannun Turawan Ingila. Bayan hidimomin Nairobi aka wuce da su Sagana, wani gida a gindin Dutsen Kenya da gwamnatin mulkin mallaka ta ba su gudummawar aure. Daga nan ne, ran 5 ga Fabrairu, suka tafi kallon namun daji a wani masauki da ake kira Treetops, cikin dajin Aberdare, kusa da garin Nyeri.

Kada mai karatu ya ɗauka otal ne irin na yanzu. Ɗaki ne na katako da wani Bature, Eric Sherbrooke Walker, ya kafa a 1932 a kan rassan wani ƙaton ɓaure, irin bishiyar da Kikuyawa ke girmamawa ƙwarai. Da tsani ake hawa, tsayinsa wajen ƙafa 30. Hikimar wurin tana ƙasa: akwai tafki, ga kuma ƙasa mai gishiri da dabbobi ke zuwa lasa. Mutum ba ya bin dabba, zama yake yi ta zo ta same shi. Walker ya yarda da wurinsa har ya kafa ƙa'ida a farkon lamari cewa baƙon da ya kwana bai ga manyan namun daji ba, ba zai biya ko kwabo ba.

Mota ba ta isa gindin bishiyar. Dole a sauka a ƙarasa da ƙafa ta wata siririyar hanya, inda aka kakkafa matakai a jikin itatuwa don wanda dabba ta koro ya samu wurin ɗarewa. Ranar kuwa sai aka yi kiciɓis da garken giwaye a fili, da 'ya'yansu, kuma duk wanda ya san daji ya san giwa mai ɗa ba a yi mata wasa. Gimbiya ba ta ja da baya ba. Ta taka a hankali har ta kai tsanin ta hau, ta ciro kyamararta ta shiga ɗaukar hoto.

Cikin masu tarbarta akwai wani tsohon maharbi, Jim Corbett, wanda ya yi suna a Indiya wajen kashe damisoshin da suka addabi ƙauyuka da cin mutane, daga baya ya koma Nyeri da zama. Shekarunsa sun haura saba'in, amma a saman tsanin ya kwana yana gadi. Su kuwa baƙi suka sha kallo: karkanda, gwaggon biri, da wasu gwambaza biyu da suka gwabza faɗa a bakin ruwa har ɗaya ya ji mummunan rauni.

A daren nan, can gidan Sandringham a Ingila, Sarki ya cika cikin barci yana da shekara 56. Sai da safe hadiminsa ya kai masa shayi aka gane. A al'adar sarautar Ingila gadon mulki ba ya zama babu kowa ko na ƙiftawar ido, da ran sarki ya fita magaji ya hau. Tunda babu wanda ya san sa'ar da ya rasu, babu wanda zai iya cewa ga lokacin da Elizabeth ta zama sarauniya, ko tana barci ne, ko tana kan baranda tana kallon tafki. Abin da aka fi zato shi ne a kan bishiyar nan sarauta ta same ta, tana da shekara 25, ita kuma ba ta da labari.

Da safe ta sauko cikin raha ta koma Sagana. Duniya ta fara jin rasuwar, 'yar mamacin ba ta ji ba. Wani ɗan jarida ne ya tsegunta wa sakatarenta, Martin Charteris, a otal ɗin Outspan da ke Nyeri. Shi ya buga wa Michael Parker, na hannun daman Philip, waya, Parker ya kunna rediyo ya tabbatar, sannan ya sanar da maigidansa. Philip ya ja matarsa lambu ya faɗa mata. Da aka tambaye ta sunan da za ta yi sarauta da shi, ta ce nata na yanka. A ranar suka tashi daga Nanyuki zuwa Entebbe, ran 7 ga wata suka sauka Landan.

Yawancin masu ba da labarin nan suke tsayawa, kuma a ganina sun rage shi. Dajin da Gimbiya ta kwana tana sha'awar giwayensa, a kewayensa akwai mutanen da aka ƙwace wa gonaki aka bai wa Turawa 'yan kama-wuri-zauna. A Oktoban shekarar nan ta 1952 aka kafa dokar ta-ɓaci, mayaƙan Mau Mau masu adawa da mulkin mallaka suka shige dazuzzukan Aberdare da Dutsen Kenya. A 1954 suka cinna wa Treetops wuta, ɗakin ya ƙone ƙurmus. An kama jagoransu Dedan Kimathi a yankin Nyeri a 1956, aka rataye shi a 1957 da sunan gwamnatin wannan Sarauniya. A shekarar ce aka sake gina masaukin kusa da inda yake da, ya fi na farko girma nesa ba kusa ba.

Kenya ta samu 'yancin kai a 1963. Sarauniya ta koma Treetops a 1983, wannan karon a matsayin baƙuwar ƙasa mai cin gashin kanta. Annobar korona ta sa aka rufe masaukin a 2021, ita kuma ta rasu a Satumban 2022 bayan shekara 70 a kan gado.