Yadda Ake Farfaɗo da Filin Ciyawar Ado da Kuɗi Kaɗan

A makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata akwai filayen ciyawar ado da yawa waɗanda aka yi watsi da su, har masu su suka ɗauka sai an kafce an sake shuka. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Ciyawar ƙiri-ƙiri, wadda aka fi dasawa a yankunan da rani ke tsawo, takan bushe daga sama ne kawai, jijiyoyinta na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Don haka malamin gona ya shawarci mai fili ya dakata har damina ta kankama. Idan bayan mako biyu ko uku da saukar ruwa ciyawar ta tsiro a kusan rabin filin, gyara ake bukata, ba sabuwar shuka ba.

Kawar da miyagun ciyayi

Nan ne mafi yawan wahalar take. Ƙarangiya da tsidau ta iri suke yaɗuwa, saboda haka a tumɓuke su kafin su yi 'ya'ya. Tofa da aya-aya kuwa sai an yi haƙuri da su. Tofa na da jijiyoyi masu tafiya a ƙarƙashin ƙasa, aya-aya kuma tana ajiye 'yan ƙwayoyi, kowane guntu da aka bari zai sake tsirowa. A haƙo su lokacin da ƙasa take da danshi, a shanya a rana, a kuma maimaita aikin duk bayan mako biyu. Kada a saka wa fili wuta, domin tofa ce za ta fara dawowa bayan ƙuna. Maganin feshi mai kashe kowace ciyawa, irin su glyphosate, ba ya bambanta ƙiri-ƙiri da tofa. Wanda ya fesa shi ko'ina ya kashe abin da yake son cetowa.

Sassauta ƙasa da zuba taki

Inda ƙafa ta daddaɓe ƙasa ruwa ba ya shiga. A sami ƙarfe mai tsini a huhhuda wurin, zurfin santimita 10, tazarar santimita 15. Sannan a gauraya ruɓaɓɓen takin gargajiya da yashi, a tankaɗe, a baza da manjagara, kaurin kada ya wuce santimita ɗaya don kada a binne ganyen. A tabbatar takin ya ruɓe sosai: ɗanyen kashin shanu na ɗauke da irin ciyayi, ɗanyen kashin kaji kuma yana ƙona ciyawa.

Wanda ke da hali ya ƙara da takin zamani NPK 15-15-15, giram 30 a kowace murabba'in mita. Ke nan kilo 3 ya ishi fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. A watsa shi ganye a bushe, ƙasa da danshi.

Cike gurbi

Ba sai an sayi iri ba. A yanko rassan ƙiri-ƙiri masu gaɓa uku ko huɗu daga inda ta yi kauri, a dasa su da tazarar santimita 15 zuwa 20, a danne ƙasa. Cikin wata biyu zuwa uku na damina za su haɗe. Amma ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya asarar ƙarfi ce, domin wannan ciyawa ba ta jure inuwa. Haka kuma inda mutane suka riga suka fitar da hanya, gara a jera bulo ko duwatsu a bar musu ita.

Yanka

Langalanga mai kaifi ta wadatar idan babu inji. A bar ciyawar da tsawon santimita 3 zuwa 4, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a yanka ɗaya. Yanka a kai a kai shi ke sa ƙiri-ƙiri ta bazu a kwance ta hana wasu ciyayi wuri. A hana awaki da tumaki shiga har sai sabon dashen ya kama ƙasa.