Waken da Ya Shekara Talatin a Gwangwani

A ƙasar Meziko da kudu maso yammacin Amurka akwai wani wake da ake kira pinto, sunan da ke nufin mai ɗigo-ɗigo a harshen Sifaniyanci, saboda zanen ja-ja da ke jikin ƙwayarsa kafin a dafa. Ba jinsi ɗaya ba ne da namu waken, amma matsayinsu a tukunya ɗaya ne: abincin talaka mai arha, mai riƙe ciki, mai maye gurbin nama. Shi ya sa Amurkawan da ke tanadin abinci saboda guguwa ko ambaliya ko rasa aiki suke sa shi a sahun farko tare da alkama da shinkafa. Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan harka su ne mabiya ɗarikar Mormon na jihar Utah, waɗanda cocinsu ya daɗe yana umartar kowane gida da ya ajiye abincin ko-ta-kwana. Masana abinci na jami'arsu, Brigham Young, sun taɓa tattaro gwangwanayen pinto da mutane suka ajiye, wasu har na shekara 30, suka dafa suka ba jama'a su ɗanɗana. Sama da kashi 80 cikin 100 na masu ɗanɗanon sun ce za su ci shi a lokacin buƙata. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, irin wannan ajiya ba ta buƙatar maganin ƙwari ko ɗigo ɗaya.

Abu uku ne ke kashe wake a ajiya: danshi, zafi, da iska. Amurkawan suna busar da pinto har danshinsa ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka, su zuba shi a gwangwani ko a wata leda mai rufin dalma wadda iska ba ta ratsa ta, su jefa wani ɗan ƙunshi mai garin ƙarfe a ciki, sannan su liƙe. Garin ƙarfen nan tsatsa yake yi, tsatsar kuma ita ke shanye iskar shaƙa da ta rage a cikin mazubin. Ƙwaron wake kuwa, ko na Meziko ne ko na Dawanau, dabararsa ɗaya ce. Tun daga gona uwar ke sa ƙwai, tsutsar ta huda ƙwayar ta shige ciki tana ci, sai ta girma ta fito ta bar rami. Wato waken da manomi ya ga tas ranar sussuka, da ɓarawonsa a ciki aka ɗinke buhun. Wanke shi ko tsince shi ba ya fitar da abin da ke can cikin ƙwaya. Amma tsutsa mai rai ce, sai da numfashi, kuma idan aka toshe iska ta ƙare, cinta ya tsaya, haihuwa ta tsaya, ta bushe ta mutu a inda take. Akwai sharaɗi guda da ba a wasa da shi: waken da bai bushe sosai ba, idan aka rufe shi babu iska, zai iya zama gidan wata ƙwayar cuta mai guba wadda ke bunƙasa a inda babu iska. Bushewa ce farko, rufewa ta biyo baya.

Wani zai ce wannan dabara ce ta masu hali, ina manomin Gumel ko na Maraɗi zai samu injin liƙe gwangwani? Ai ba ya buƙatarsa, domin hikimar ta riga ta iso gare shi a wata siffa. Masanin ƙwari Larry Murdock na jami'ar Purdue da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma da ke Marwa a arewacin Kamaru sun fara gwada ajiyar wake a leda mai ninki uku tun ƙarshen shekarun 1980. Daga 2007 aka fara yaɗa abin a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu da sunan buhun PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a matse shi a ɗaure bakinsa daban. A nan babu ƙunshin garin ƙarfe, ƙwarin da kansu ne ke shanye iskar har su halaka kansu. Durom mai murfi da jarka mai tsabta da aka cika maƙil suna yin wannan aikin. Kakanni ma da suke cakuɗa wake da toka ko yashi a cikin tulu su liƙe bakinsa da laka, kusan abin da suke yi ke nan, cike gurbin da ƙwaro zai motsa ya numfasa.

Duk da haka har yau akwai 'yan kasuwar da suka fi yarda da kwalbar fiya-fiya, hujjarsu kuwa ita ce ta fi arha kuma ta fi sauri. Arhar nan ta yaudara ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a jikinsa, wanda shi ne gubar da ke cikin irin waɗannan kwalabe, kuma aka ci gaba da tsawaita haramcin shekara da shekaru. Turawa sun mayar da nasu, mu kuwa wanda ya rage a kasuwa cikinmu ya shiga. Ga mai tanadin abincin gaggawa lissafin ya fi muni, domin ƙarfin magani yana gushewa bayan 'yan watanni, sai an sake zubawa, alhali ledar da ba ta huje ba tana nan tana aikinta ba tare da an ƙara ko sisi ba. Gaskiya ne ɓera na iya huda leda, rami ɗaya kuma ya isa ya ɓata komai. Maganin wannan shi ne a ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, a kuma daina buɗe shi kullum ana leƙawa.

Inda masu suka suke da gaskiya shi ne batun tauri, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Wake yana tsufa. Idan ya daɗe, musamman a wuri mai zafi da danshi, sinadaran da ke haɗa naman ƙwayar suna canzawa, sai ya ƙi nuna ko an kwana ana hura masa wuta. Shekara 30 ɗin da ake faɗa ta pinto tana da sharaɗin a ajiye shi a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 24 ba. A Kano ko Damagaram, inda zafin bazara ke haura digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano, wanda ya yi wa kansa alƙawarin shekara 30 ya yaudari kansa. Abin da ya dace da mu shi ne daga kaka zuwa kaka, ko shekara biyu, ana cin tsoho ana zuba sabo. Kuma lokacin gaggawa shi ne lokacin da itace da gawayi da ruwa suke wuya, don haka buhun waken da ke cin awa huɗu a kan murhu rabin tanadi ne kawai. Amurkawa suna jiƙa tsohon pinto ya kwana, su ɗan zuba masa hodar soda ta girki, abin da uwargida a nan take yi da kanwa tun kafin a rubuta shi a littafi. Wanda ya gagara gaba ɗaya su niƙa shi gari, kuma a nan mun fi su hanya, tunda ɗanwake da ƙosai da alale duk daga niƙaƙƙen wake suke. Sai dai pinto da danginsa suna da wani sinadari mai murɗa ciki idan ba su tafasa sosai ba, don haka ko garinsa ne sai ya sha wuta. Kada kuma a ɗauka waken da ya daɗe a rufe iri ne: zai ciyar da gida, amma manomin da ke son shuka ya ware nasa irin daban, ya gwada 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma kafin ruwan farko ya sauka.